Hutun Hunturu A Turai: Yawan Garuruwa Ba Shi Ne Yawan Ilmi Ba

A kowace shekara, da zarar watan Disamba ya yi nisa an rufe makarantu, akan sami magidanta waɗanda Allah ya hore wa abin hannu su kwashi iyalinsu zuwa ƙasashen Turai domin yawon buɗe ido. Waɗansu daga gida suke tashi, waɗansu kuwa da ma a can suke zaune saboda aiki ko karatu, sai su yi amfani da hutun su nuna wa 'ya'yansu biranen da ke maƙwabtaka da su. Wannan abu ba shi da aibi ga wanda ya sami hali, domin tun kaka da kakanni Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilmi. Aibin yana cikin yadda ake shirya tafiyar. Galibin magidanta sun ɗauka cewa darajar hutu tana ga yawan garuruwan da aka taka, saboda haka sai a ga mutum ya ɗauki kwana 10 kacal ya raba wa Landan da Faris da Amsterdam da Kolon da Rum, ya dawo yana lissafa su da yatsa. Irin wannan shiri asarar dukiya ne da wahalar da yara, musamman a lokacin hunturu. Iyalin da ke son ya ci ribar tafiyarsa ya kamata ya tsaya a kan birni biyu, in ya yi yawa uku, ya zauna ya gan su sosai.

Dalili na farko shi ne gajartar yini. Mutumin da ya saba da Kano, inda ko a tsakiyar Disamba rana takan yi fiye da awa 11 a sama, da wuya ya gane halin Turai sai ya je. A Landan, ranar 21 ga Disamba, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kuma kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, watau hasken yini bai cika awa 8 ba. A Barlin ya fi haka gajarta. A Faris awa 8 ne da 'yan mintoci, a Rum kuwa awa 9 da kaɗan. Ga shi kuma yawancin kwanakin gajimare ne ke rufe sama, ana yayyafi mai sanyi. Yaran da aka yi wa alkawarin wasa da dusar ƙanƙara a Landan ko Faris sau da yawa sukan dawo ba su gan ta ba, domin ba safai take sauka a waɗannan birane cikin Disamba ba. Abin da suke tararwa shi ne ruwa da iska da duhu tun da la'asar.

To, a cikin wannan ɗan gajeren yini ne mai tseren garuruwa yake so ya yi ƙaura kowane kwana biyu. A ɗauki tafiya mafi sauƙi, watau daga Landan zuwa Faris a jirgin ƙasa na Eurostar, wanda ke bi ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku, mai tsawon kilomita 50, da aka buɗe a shekarar 1994. Tafiyar kanta awa 2 ce da minti 20 ko kusa da haka. Amma sai an tashi yara, an yi musu wanka, an ɗaure kaya, an bar masauki wajen ƙarfe 9, an isa tashar St Pancras da wuri domin duba fasfo da binciken kaya. In jirgi ya tashi ƙarfe 11, zai isa Faris bayan ƙarfe 2 na agogon can, domin Faransa tana gaba da Ingila da awa guda. Kafin a fita daga tasha a sami sabon masauki a ajiye kaya, ƙarfe 3 da rabi ta yi, rana kuwa za ta faɗi kafin ƙarfe 5. Yini ya tafi ke nan. In kuwa jirgin sama za a hau zuwa Rum, abin ya fi haka cin lokaci. Wanda ya raba kwana 10 ga birni 5 yana da ƙaura 4, ga ranar isowa, ga ranar komawa gida. Abin da ya rage masa na cikakken yini 4 ne tak, bai ma kai yini guda ga kowane birni ba. Sauri ya haifi nawa.

Bugu da ƙari, lokacin da hutun makaranta ya faɗa shi ne lokacin bukin Kirsimeti da na sabuwar shekara, sa'ad da Turawa su ma suke hutawa. A Landan, ranar 25 ga Disamba, ba jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba motar safa ta birni, kantuna kuma a rufe. Gidan Tarihi na Biritaniya yakan rufe daga 24 zuwa 26 ga wata. Gidan tarihi na Louvre a Faris ba ya buɗewa ranar 25 ga Disamba da 1 ga Janairu, ban da ranar Talata ta kowane mako. Kasuwannin Kirsimeti na Jamus, waɗanda ake ta sha'awar hotunansu, da yawansu sukan tashi kafin ranar bukin kanta. Iyalin da ya zauna kwana 5 a gari ɗaya ba zai damu ba in yini guda ya kuɓuce masa, sai ya huta a masauki yara su yi barci. Amma wanda ya ware wa Faris kwana guda, kwanan kuma ya faɗa ranar Talata, ya biya kuɗin jirgi ne domin ya kalli ƙofa a rufe.

Ga iyali Musulmi akwai wata lura kuma. A Landan cikin Disamba, Azahar takan shiga wajen ƙarfe 12, La'asar bayan ƙarfe 1 da rabi, Magariba kafin ƙarfe 4, watau salla uku cikin awa 4. Ko da yake addini ya yi wa matafiyi sauƙi, wanda ke zaune a gari ya fi samun sukunin tsara yininsa, ya san inda zai yi alwala da inda ake sayar da abincin halal. Zai ma iya sa masallaci cikin wuraren ziyara. Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a shekarar 1926 domin tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu a yaƙin duniya na farko ƙarƙashin tutar Faransa, darasi ne na tarihi mai zaman kansa, musamman ga yaron da ya fito daga Jamhuriyar Nijar ko wata ƙasa da Faransa ta mallaka a da.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne girman abin da aka je gani. A Louvre an baje kayan tarihi da zane-zane kimanin 35,000. In mutum ya ba kowane ɗaya minti guda, sai ya yi fiye da kwana 24 ba barci ba cin abinci kafin ya gama. Mai gaggawa yakan shiga da yara a guje, ya kutsa cikin cunkoso zuwa gaban zanen Mona Lisa, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto ya fita, alhali a cikin gidan nan akwai dutsen da aka rubuta dokokin Hammurabi, sarkin Babila, tun kusan shekara 3,800 da suka wuce, akwai kuma sashe guda na sana'o'in ƙasashen Musulmi. Haka nan babbar majami'ar Kolon ta ƙasar Jamus, wadda aka aza harsashinta a shekarar 1248 ba a gama ta ba sai 1880, watau shekara 632. Da yake tana daf da tashar jirgin ƙasa, matafiya da yawa sukan sauka su tsaya a gabanta minti 20 su koma jirgi. Ginin da ya ci zuriya bayan zuriya ta magina ya cancanci a ba shi yini, a bar yaro ya hau matakalar hasumiyarsa, ya tambayi yadda aka ɗaga duwatsu zuwa tsayin mita 157.

Ya kamata magidanci ya tambayi kansa: domin wa aka yi tafiyar nan? In domin yara ne, to, yaro ɗan shekara 8 ba ya riƙe sunayen garuruwa. Bayan wata biyu tashar Faris da ta Amsterdam duk sun zama abu guda a kansa, abin da zai tuna shi ne sanyi da jan akwati da faɗan uwa a kan safar hannu da ta ɓace. Abin da ke zama a zuciyar yaro shi ne abin da ya tsaya ya kalla, ya yi tambaya a kansa, aka ba shi amsa, ya koma washegari ya sake kallo. Gaskiya ne gani ya kori ji, amma gilmawa ba gani ba ce.

A kan wannan batu Hausawa suna da misali tun da daɗewa. A shekarar 1855 Baturen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya koma Turai tare da samari biyu, Abbega da Dorugu. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, kuma yaro ne matashi sa'ad da ya sauka Landan. Ya ga Hambug ta Jamus, sa'an nan ya zauna a Ingila wajen wani malamin mishan mai suna Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, labarin da ya fito a cikin littafin Magana Hausa a shekarar 1885. Abin da ya sa har yau masana ke karanta maganar Dorugu shi ne ya zauna ya lura: yadda Turawa ke zama cin abinci, yadda suke sa tufa, yadda suke karɓar baƙo. Haka nan Abubakar Imam, da ya ziyarci Ingila a shekarar 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo da littafi guda, Tafiya Mabuɗin Ilmi. Dukansu biyu ba su da wayar ɗaukar hoto, amma sun dawo da abin da ya amfani na baya. Yau kuwa sai iyali ya dawo da hotuna ɗari-ɗari, in aka tambayi yaro me ya gani, ya ce an sha sanyi.

Babu shakka masu tseren garuruwa suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce samun izinin shiga Turai ba ƙaramin aiki ba ne. Bizar ƙasashen Shengen, wadda ke buɗe ƙofar ƙasashe 29, tun watan Yuni na shekarar 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, Yuro 45 ga yaron da ya kai shekara 6 bai kai 12 ba. Magidanci da matarsa da 'ya'ya uku masu shekara 13 da 10 da 7 za su biya Yuro 360, ban da ladan ofishin karɓar takardu da inshorar lafiya wadda tilas ta kai ta Yuro 30,000. In an hana bizar, ba a mayar da kuɗin, kuma a shekarar 2024 an ƙi fiye da kashi 40 cikin 100 na masu nema daga Nijeriya. Ingila kuwa ba ta cikin wannan yarjejeniya, tata bizar dabam ce da kuɗinta dabam. Saboda haka mutum yakan ce, tun da ya sha wannan wahala, kuma bai san ko zai sake samu ba, gara ya kwashi abin da zai iya kwasa.

Amsar wannan ita ce, tsadar abu dalili ne na a ci moriyarsa sosai. Wanda ya sayi rago da tsada ba ya gasa shi a gurguje ya ci ɗanye domin tsoron kada ya rasa wani. Kowace ƙaura daga birni zuwa birni tana da kuɗin tikiti na mutum biyar, da kuɗin tasi, da kuɗin kaya in jirgin sama ne, a lokacin da farashi ya fi tsada a duk shekara. Kuɗin ƙaura uku da aka fasa zai isa a kama masauki mai ɗakin girki, inda uwargida za ta dafa wa yara abin da suka saba ci, a sayi tufafin sanyi na kirki, a kuma ɗauki ɗan jagora wanda ya san tarihin wuri. Har wa yau, wanda ya bar Ingila daga lissafinsa, ko ya tsaya a Ingila kaɗai, ya rage wa kansa biza guda da fargaba guda.

Akwai kuma masu cewa tafiyar ɗungurungum almubazzaranci ce, a lokacin da maƙwabta ke fama da tsadar abinci. Wannan magana tana da ƙarfi a kan wanda ya ci bashi, ko ya taɓa kuɗin makarantar yara, ko ya danne zakka da haƙƙin dangi domin a ce shi ma ya je. Irin wannan mutum ba shi da uzuri. Amma wanda ya sauke nauyin da ke kansa, hanyar da zai kare kansa daga wannan zargi guda ce: ya mai da tafiyar makaranta. In yara sun dawo da ilmi, kuɗin ya zama kuɗin karatu. In sun dawo da hotuna da jakunkunan kanti kawai, to, masu zargi sun yi gaskiya.

Yaya ake mai da ita makaranta? Tun kafin a tashi, a zaɓi birni biyu a karanta wa yara labarinsu, a ba kowane yaro littafin rubutu da abu guda da zai nemo. A ware wuri ɗaya babba ga kowane yini, a fita da sassafe a yi amfani da haske wajen ganin abin da ke fili, a bar gidajen tarihi masu ɗumi zuwa yamma sa'ad da duhu ya shigo. Wanda ya zaɓi Landan yana da sa'a, domin shiga Gidan Tarihi na Biritaniya, wanda aka kafa a shekarar 1753, kyauta ne, ana iya komawa sau uku ana ganin sashe guda kowane zuwa. A can yaro zai tsaya gaban tagullan Benin, waɗanda sojojin Ingila suka kwaso a shekarar 1897, kuma gidan yana riƙe da kimanin 900 daga cikinsu. Uba zai iya gaya masa cewa Jamus ta mayar wa Nijeriya mallakar fiye da guda 1,000 a shekarar 2022, Holan kuma ta dawo da 119 a shekarar 2025, sa'an nan ya bar shi ya yi tunanin dalilin da ya sa waɗannan suke nan har yanzu. Wannan darasi ba ya shiga kan yaro a minti 5.

Wanda kuma ke tsoron sanyi ga ƙananan yara, ba tilas ne ya nufi arewa ba. Kudancin ƙasar Sifen, watau Andalus ta littattafai, ya fi sauƙin hunturu. A Ishbiliya, wadda Turawa ke kira Sevilla, zafin rana cikin Janairu yakan kai digiri 16, kuma rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 6. Daga can zuwa Ƙurɗuba bai kai awa guda ba a jirgin ƙasa mai sauri. A Ƙurɗuba akwai babban masallacin da Abdurrahman na Farko ya fara ginawa wajen shekarar 785, wanda aka mai da shi majami'a bayan Kiristoci sun ci garin a shekarar 1236. A Garnaɗa, wadda ta fi su sanyi saboda tana gindin duwatsu, akwai fadar Alhamra, mazaunin sarakunan Musulmi na ƙarshe kafin faɗuwar garin a shekarar 1492, sai dai tilas a sayi tikitinta tun da wuri domin ana ƙayyade yawan masu shiga. Waɗannan garuruwa ba baƙi ba ne ga zaurukan karatu na ƙasar Hausa. Ibn Rushdi, mai Bidayatul Mujtahid, a Ƙurɗuba aka haife shi a shekarar 1126. Ibn Asim, mai Tuhfatul Hukkam da alƙalai ke karantawa, alƙalin Garnaɗa ne. Alƙali Iyal, mai Ashafa da ake karantawa a masallatai da azumi, shi ma ya yi alƙalanci a Garnaɗa. Ibn Malik, mai Alfiyya ta nahawu, haifaffen Andalus ne. Yaron da ya ji waɗannan sunaye a bakin malaminsa na Islamiyya, in ya taka garuruwan, karatunsa ya sami gindin zama. Ga shi duk biza guda ce, ƙasa guda, ba doguwar ƙaura.

Daga ƙarshe, babban abin da zama a gari ke koya wa baƙo shi ne yadda mutanen wurin ke riƙon abin da suka gada. Majami'ar Notre-Dame ta Faris, wadda aka fara gininta a shekarar 1163, ta kama da wuta ranar 15 ga Afrilu, 2019, rufinta ya cinye, hasumiyarta ta faɗi. Jama'a suka tara gudummawar fiye da Yuro miliyan 800, aka tattaro kafintoci da masassaƙan dutse waɗanda suka iya aikin irin na da, aka sake buɗe ta cikin Disamba, 2024. Yaron da aka ba shi lokaci ya ji wannan labari a gaban ginin, in ya koma Kano ya ga yadda ake yanka ganuwa ana gina shaguna, ko ya shiga Gidan Makama ya ga kayan kakanninsa, zai yi tambayar da manya da yawa suka daina yi. Wannan tambaya ita ce tsarabar da ta fi kowace daraja, kuma ba a samun ta a kantin filin jirgin sama.

Saboda haka magidancin da ke shirin hutun hunturu mai zuwa ya ɗauki taswirarsa ya soke garuruwa uku daga cikin biyar ɗin da ya rubuta. Zai rage wa aljihunsa nauyi, ya rage wa uwargida wahala, ya ƙara wa 'ya'yansa abin da za su riƙe har girmansu. Ba a taunar taura biyu a lokaci guda, balle biyar. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su da ilmi mai amfani.